Littafin tarihin Anka: shin ramukan gwal da ƙasar da aka binne a Bagega za su shiga?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum. Shawara na kawo, kuma ina roƙon manyanmu da ke cikin zauren nan su sa baki. Shekara tara ke nan ina koyar da tarihi a wata sakandare a ƙasar Anka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaro zai zayyano maka Mansa Musa da zinaren da ya rabar a Masar a 1324, amma ka tambaye shi yadda aka yi sarautar Zamfara ta zauna a garin da yake shan ruwansa, sai ya yi zuru. Shi ya sa na fara haɗa ɗan littafi, bai wuce shafi talatin ba, a kan wuraren tarihin ƙasarmu. Da kuɗina zan buga in raba wa ɗalibai.

Na jera abin da kowa zai jera: fadar Sarkin Zamfara, inda ganuwa ta bi, kasuwa, masallacin Juma'a. Ranar Talata na karanta musu jerin a aji. Sai wani yaro ɗan Bagega, wanda ko magana bai cika yi ba, ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ramin da aka binne ƙasar gidanmu fa? Babana ya ce ƙasar ɗakin da aka haife ni tana can." Aji ya yi tsit. Tun ranar maganar ba ta bar raina ba, kuma ni dai na gamsu cewa yaron nan ya fi ni gaskiya. Ina so in ware babi guda na haƙar gwal da gubar dalma: dabobi (wuraren da ake fasa dutsen gwal da niƙa shi), tsofaffin ramuka, da wuraren da aka binne ƙasa mai guba. Kafin in sa alƙalami, me kuka gani?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah shi saka da alheri, aikin ga da ka ɗauko aikin manya ne. Amma babin ga na ƙarshe ban yarda da shi ba, kuma bari in hwaɗa maka dalili.

Anka ba garin haƙo ba ce da aka kafa jiya saboda an ga ƙyalli cikin dutse. Gadon sarautar Zamfara ne. Sarautar ga ta faro daga Dutsi, can ƙasar Zurmi, ta koma Birnin Zamfara, ta yi ƙarnoni tana mulki, har da sarauniya 'Yargoje da har yau ba a mance sunanta ba. Gobirawa sunka zo baƙunta aka ba su wurin zama, sunka yi ƙarfi, Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara cikin shekarun 1760, ya zauna Alƙalawa. Zamfarawa sunka watse, sarauta ta riƙa ƙaura, Kiyawa, Sabon Gari, har ta zo ta tabbata Anka bayan jihadi. Shehu Usmanu da kansa ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi cikin ƙasar Zamfara tun kafin a zare takobi, kuma a 1805 jama'arsa ta yi zango Sabon Gari kafin ta wuce Gwandu. Da anka yanke jiha daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, sunan wanga gida aka ɗauka aka sa mata. Har gobe Sarkin Zamfaran Anka shi ne shugaban majalisar sarakunan jiha.

To yanzu ɗauki wayarka ka rubuta Anka cikin intanet. Me za ka gani? Dalma, gawawwakin yara, 'yan bindiga. Duniya ta riga ta rubuta muna wannan babin ba da shawararmu ba. Kai da ke da alƙalami a hannu, sai ka ƙara wa Barno dawaki? Ka ba yara abin da za su ɗaga kai da shi.

Ɗan Kasuwa a Gusau:
Baba ya gama magana. Ni a 2011 na kai gero kasuwa, mutum ya ji daga inda na ɗauko ya ajiye mudu ya wuce. Akwai 'yan matan da aurensu ya mutu tun kafin a kai goro, don kawai an ce daga ƙauyen dalma suke. Wannan tabon da ƙyar ya fara dushewa. A bar kaza cikin gashinta.

Ɗan Daba:
Baba, da girmanka, Allah ya ƙara lafiya. Ni ban yi karatun da kuka yi ba, amma shekarata goma sha shida ina shiga rami. Duk abin da ka faɗa na sarauta gaskiya ne, muna alfahari da shi. Sai dai Hausawa na cewa in ba ka san gari ba, saurari daka. Duk baƙon da ya shigo Bagega ko Dareta ko Sunke a 2009, dakan da zai ji ba na gero ba ne, na dutse ne. Wannan shi ne garin a lokacin, ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba.

Bari in ba Malam yadda aikin yake don ya samu na rubutawa. Ana bin jijiyar farin dutse ne cikin ƙasa. Rami wani ya yi gaba goma, wani ya fi, faɗinsa bai wuce na rijiya ba. Ka ɗaura tocila a goshi, ka sauka da igiya, kana saka ƙafa a 'yan matakan da aka sassaƙa a jikin bango. A ƙasa guduma ce da ƙarfen sara, kana durƙushe, numfashi da ƙyar. Ka cika buhu, na sama su ja. A fasa dutsen ya koma kamar tsakuwa, a kai injin niƙa ya zama gari. Garin a wanke shi a kan katako mai gangara da aka shimfiɗa wa kafet, mai nauyi ya maƙale, ƙasa ta bi ruwa. Abin da ya maƙale a zuba a kwano, a ɗiga zaiba a murza da hannu, zaiba ta kama gwal. A matse a ƙyalle, a ƙona, zaiba ta tashi hayaƙi, ɗan abin da ya rage shi ne wahalarka ta mako. Wani lokacin bai kai ƙwayar dawa ba.

Me ya kai mu? Kuɗi. A shekarun nan farashin gwal ya haura dala 1,000 kowane oza a kasuwar duniya, a 2011 har ya kusa 1,900. Manomin da ke jiran kaka sau ɗaya a shekara ya ga maƙwabcinsa ya sayi babur cikin wata biyu. Da gwal na yi aure, da shi na kai mahaifiyata Makka. Ba zan zage shi ba. Amma kuma da hannuna na ɗauki buhun dutse na kai cikin gida, saboda a daji ana sata, kuma mata na iya taya mu daka ba tare da sun fita ba. Dutsen nan akwai wani baƙi-baƙi mai walƙiya a jikinsa, kamar kwalli. Har murna muke idan mun gan shi. Ashe shi ne dalmar.

Inna ta Dareta:
Ɗana ne ke rubuta min, ni ke faɗa.

Baba, ina gaishe ka. Alhaji na Gusau, na ji zancen auren 'yan mata, gaskiya ne, ɗiyar ƙanwata na cikinsu. Amma ku bari in hwaɗi nawa.

Agwagi sunka fara mutuwa. Ina da bakwai, cikin kwana kaɗan babu ko ɗaya, na maƙwabta ma haka. Munka ce ciwon kaji ne ya shigo, munka share munka zubar. Ba wanda ya kawo komi a ransa. Lokacin turmina biyu, ɗaya na hatsi ɗaya na dutse, amma taɓarya ɗaya ce, kuma wuri ɗaya nike shanya. Ƙura ta kwanta bisa tabarma, bisa randa, bisa tuwon da na rufe. Yarinyata tana rarrafe, komi ta samu sai baki. Ina daka tana goye a bayana.

Ta fara da amai da ƙin nono, sai kuka ba dare ba rana, sai jijjiga. Idonta ya kafe sama. Anka ce iska ce, munka yi turare da rubutu. Anka ce zazzaɓin cizon sauro ne, anka yi allura. Kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. A satin nan unguwarmu ba a ɗauke tabarmar gaisuwa ba, daga wannan gida sai wancan. Maza sunka gaji da haƙar ƙananan kaburbura.

Yayanta shi ya rayu, shi ne wanga da ke rubutu. Likitoci sunka kai mu asibiti munka yi makonni, ana ba shi wata ƙwaya mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Da munka dawo na tarar an kankare ƙasar gidana duka, tsakar gida da ɗaki, an zuba sabuwa ja. Ƙasar da ɗiyata ta yi rarrafe a kai an kwashe ta an kai rami bayan gari.

Malam, ka rubuta. In da wata ta taɓa gaya min cewa in agwagi sunka mutu a gidan da ake dakan dutse to a kwashe yara, da na kwashe. Ba wanda ya sani, shi ya sa ba wanda ya hwaɗa. Yanzu mun sani.

Ɗan Kasuwa a Gusau:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ce, Inna. Wallahi ban faɗi tawa don in rage zafin taku ba.

Baba Mai Ritaya:
Allah shi jiƙanta, shi ba ki ladan haƙuri, ɗiyata.

Ma'aikacin Lafiya:
Amin. Na yi aikin allurar rigakafi a ƙauyukan nan a lokacin, bari in ƙara wa Malam abin da aka tabbatar, don kada littafin ya tsaya a kan "an ce".

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka zo sa ido a kan sanƙarau, suka lura yara na mutuwa fiye da kima a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kuma maganin zazzaɓi da na sanƙarau ba sa yin komai. Da aka gwada jini aka ga dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shigo. A binciken gida-gida da aka yi a Dareta da 'Yargalma a watan Mayu, an samu cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar waɗanda suka rasu a yankin ta haura 400.

Idan dalma ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ta jinin yaro, ana fara ba shi maganin da ke janyo ta ta fita ta fitsari. Ƙaramar na'urar gwajin da ake yawo da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, sai dai ta nuna alamar cewa ya zarce. Na ga ana gwada yara a jere, na'ura na nuna alamar nan ɗaya bayan ɗaya, har mai gwajin ya ɗauka ta lalace. Ƙasar wasu gidaje kuwa an auna ta haura 100,000 a ma'aunin da a lokacin Amurka ta sa 400 a matsayin iyakar wurin da yara ke wasa. Wato kashi goma cikin ɗari na ƙasar tsakar gida dalma ce.

Abin da ya sa aka kankare ƙasa shi ne, magani ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa masa ciwo. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranci aikin tare da ma'aikatan muhalli na jiha da matasan ƙauyukan. Ana kankare kamar santimita biyar na sama da fartanya, a zuba a buhu, a kai ramin da aka tanada, a kawo tsabtatacciyar ƙasa a shimfiɗa. An fara da Dareta da 'Yargalma a damina ta 2010, sannan Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru. MSF ta yi wa dubban yara magani kafin ta miƙa aikin ga hukumomi a 2022.

Wani abu kuma, Baba: dalma ba ta ruɓewa. Ba taki ba ce, ba ta narkewa ta ɓace. Abin da aka binne a 2010 yana nan yadda yake, kuma jikokin jikokinmu za su tarar da shi haka.

'Yar Jami'a:
Ina gaida iyayena. Ni 'yar Bagega ce ta wajen uwa, kuma akwai abin da nake ganin ana tsallakewa. Baba yana neman abin da yara za su ɗaga kai da shi. To ai yana cikin wannan babin. Bagega ta fi sauran ƙauyukan girma, ga babbar daba a gefenta, shi ya sa kuɗin gyaran ya fi ƙarfin masu agaji, aka bar ta a baya. Yara wajen 1,500 suka zauna jiran magani kusan shekara uku saboda ba a share ƙasa ba. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta yi ta magana, matasa irin su Hamzat Lawal suka kafa gangamin Follow The Money suna kiran a ceci Bagega a Twitter da Facebook, har gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013 aka yi aikin cikin shekarar. Ƙauyen da mota ke shan wuya kafin ta isa, sunansa ya zama darasin yadda talaka ke bin kuɗin gwamnati har su iso ƙofar gidansa. Wannan ba abin kunya ba ne.

Kuma wa ya yi sharar? Kawunnaina ne da fartanyarsu. Gidajen da maza ba sa shiga, sai da masu gari da malamai suka zauna aka samu hanyar da za a yi aikin ba tare da an keta mutuncin kowa ba. Sarakuna ne suka ba da umarnin a fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Ashe ko a babin dalma, fada na ciki.

Dalili na biyu ya fi tsorata ni. A 2015, shekara biyar kacal bayan namu, irin wannan abu ya faru a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ƙauyukan su Shikira, yara 28 suka rasu. Hanya ɗaya, dutse a cikin gida. Gani ga wane bai yi aiki ba saboda labarin bai isa kunnen matan can ba. Rahotannin duk da Turanci aka rubuta su, suna ajiye a kwamfutocin mutanen da ba sa daka.

Baba Mai Ritaya:
Jikata, kin yi magana mai kyau, kuma na ji ta. Ban ce a ɓoye wa mata hatsarin dalma ba. Wannan aikin malaman asibiti ne da rediyo da limamai, a yi ta hwaɗa har kunne ya gaji. Abin da nike cewa, littafin tarihi daban, takardar gargaɗi daban. Wurin tarihi wuri ne da kake kai baƙo. Za ka ɗauki baƙo ka kai shi juji?

In ma haƙar za a rubuta, to a faro ta daga tushe, kada yara su ɗauka 2009 aka fara. Turawa sun haƙi zinare cikin lardin Sakkwato tun shekarun 1930, lokacin da aikin ya yi tashe a Arewa, yaƙin duniya na biyu ya zo ya kwantar da shi. Kakana ya yi musu lebura, yana ba mu labarin wankin yashi a bakin rafi da ƙwarya. Su zinaren rafi sunka fi bi, ba su kai dutse cikin ɗaki ba. Ramukan da 'yan yanzu ke shiga, wasunsu bisa sawun na Turawa suke.

Malamin Tarihi:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan na Turawa ban sa shi a tsarina ba, yanzu ya shiga. Amma a kan maganar baƙo da juji, ina da ja kaɗan. Kufan Alƙalawa da ka ambata, me ke cikinsa yau in ba tuddan ƙasa da kaburbura ba? Birnin ya faɗi a 1808, kuma masu tarihi na zuwa can ne don abin da ya faru, ba don kyan gini ba. Birnin Zamfara ma labarin faɗuwarsa muke bayarwa, ranar baƙin ciki ce ga kakanninmu, amma ba mu cire ta ba. Ganuwa an yi ta ne saboda tsoron mahara. Ramin Bagega an yi shi ne saboda tsoron guba. Duka biyun jama'a ce ta taru ta haƙa ƙasa don 'ya'yanta su rayu. Ni ban ga abin da ya raba su ba sai shekaru.

Ɗan Daba:
Malam, ƙara da wannan. Damina biyu da suka wuce na bi ta gefen ɗaya daga cikin wuraren da aka binne ƙasar. Ciyawa ta rufe, ba ka bambanta shi da sauran fili. Na tarar da wani yaro matashi, baƙo ne cikin waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, yana auna wurin da ido, wai ƙasar ta yi masa kama da mai kyan tubali. Na ce masa kul. Ya ce shi ba wanda ya gaya masa. To in ni ban biyo ba fa? Mutanen da suka san wurin suna tsufa, wasu sun yi hijira, baƙi na shigowa. A Anka kanta kun ga yadda 'yan gudun hijira suka cika filin ginin sabuwar fada. Wanda ya zo jiya bai san inda aka binne komai ba.

Kuma kada a ɗauka haƙa ta tsaya. Gwamnatin tarayya ta hana ta a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda 'yan bindiga, aka ɗage hanin a Disamba 2024. A tsakanin nan ciki bai daina jin yunwa ba. Abin da hani ya jawo shi ne ɓoyo, kuma ina mutum zai ɓoye buhun dutse in ba cikin gida ba? Abin da aka yi wahalar fitarwa daga ɗaka, tsoro na mayar da shi. An koya mana niƙa da feshin ruwa don ƙura ta kwanta, da wanka da sauya tufafi a daba kafin a koma gida. Masu yi na yi. Amma yaran da ke shiga rami yau, a 2010 suna goye.

Bayawuri:
Daga Yawuri nake bibiyar ku. Mu ma nan Kebbi ana haƙar gwal a ƙasarmu, kuma matasanmu da naku na cuɗanya a dabobi. Malam, in littafin ya fito ina son kwafi hamsin, zan biya kuɗin bugu. Amma da Hausa, don Allah.

Ɗan Kasuwa a Gusau:
To ni na sauko, amma da sharaɗi. Kada a sa sunan gidan kowa, kada a sa hoton yaro marar lafiya. Waɗanda suka rayu sun zama samari da 'yan mata, wasu ciwon ya taɓa musu ƙwaƙwalwa ko ido, suna fama. Kada ɗan ajinsu ya buɗe littafi ya nuna su da yatsa. Kuma a rubuta ƙarara cewa an share ƙauyukan, don mai sayen gero ya san da haka.

'Yar Jami'a:
Wannan sharaɗin daidai ne, Kawu. Zan ƙara ɗaya: a bayyana wa yara cewa dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, daga Abuja ake ba da lasisi. Su san cewa iyayensu da ke cikin rami su ne suka fi kowa shan ƙura kuma suka fi kowa samun kaɗan. Dillali na saye a giram a bakin daba, ya wuce Gusau ko Kano, daga can wani ya haura da shi Dubai. In ba a faɗi wannan ba, yaro zai karanta ya ce laifin babansa ne kawai.

Ɗan Daba:
Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Wannan ita ce maganar da ta daɗe a maƙogwarona.

Baba Mai Ritaya:
Na karanta duka, na kuma sake karanta na ɗiyata ta Dareta. Maganar tubalin ga ta tsaya min a rai, don ni na yi aikin ƙasa da safiyo, na san yadda fili ke ɓacewa in ba a kafa masa dutse ba. Malam, ka sa babin. Amma ina nan kan bakana a abu guda: Dutsi da Birnin Zamfara da zuwan sarauta Anka su za su buɗe littafi, yaro shi san ko shi ɗan wane ne kafin a gaya masa abin da ya same shi. Kuma kada ka kira wurin juji, na janye kalmar. Ka nemo masa suna na mutunci.

In ka shirya, ka zo gida da rana bayan la'asar in zana maka inda ƙofofin ganuwa suke kamar yadda na tashi na gan su. Sannan mu tafi tare wajen hakimi a kan maganar kafa alama a wuraren nan. Littafi na iya yagewa, a samu siminti da ƙarfe.

Malamin Tarihi:
Na karɓa da hannu biyu, Baba, ranar Asabar in Allah ya kai mu ina tafe. Tsarin yanzu: sarauta da ƙaurarta, ganuwa da fada da kasuwa, zinaren zamanin Turawa, sannan dabobi da shekarar 2010. Ɗan Daba, zan buƙace ka ka raka ni in ga wuraren da idona, in hanya ta yi kyau. Inna, ina neman izininki in sa labarin agwagin nan yadda kika faɗe shi, ba suna, ba unguwa.

Inna ta Dareta:
Na yarda, Malam. Ka sa da na taɓaryar, cewa guda ɗaya ce nike daka hatsi da dutse da ita. Kuma in an buga a aiko min da ɗaya. Ban iya karatun boko ba, amma ɗana zai karanta min, ni kuma in kai gidan suna da gidan biki in sa a karanta wa amare.